Kankanar da Na Binne Dominki

Lamis, hasken idona, sanyin ƙirjina, abar begena safe da yamma!

Ya ke furen lemon bayan gidanku, wanda iska ke kwasar ƙamshinsa ta kai wa masunta har tsakiyar teku! Ya ke farin furen nan da ke fasa yashi ya fito cikin tsananin zafi ba tare da kowa ya ba shi ruwa ba! Ya ke idon ruwa mai zaƙi da ke gangarowa ya shiga gishirin rayuwata! Ya ke wadda murmushinta ya fi mini dawowar wutar lantarki daɗi a ranar da garin nan ke tafasa! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da rana ta gasa, yashi ya cika masa kunne, aka toshe lambarsa a waya, amma bai daina son ki ba ko na ƙiftawar ido.

Don girman Allah kada ki yaga takardar nan. Na san yatsunki sun riga sun kama gefenta. Ki ji sanyinta tukuna, ki tambayi kanki yadda aka yi ta shiga firjinku ta laɓe bayan kwalbar zaitun, inda babu mai kai hannu sai ke. Mahaifiyarki ce ta kira ni jiya a ɓoye, domin firjin ya daina sanyi, kuma duk garin nan babu mai gane ciwonsa sai ni. Ta buɗe mini ƙofar baya ta ce, "Shigo, ɗan nema, ka gyara ka ɓace kafin maigidana Abu Ziyad ya dawo. In ya same ka, ni ban taɓa ganin ka ba." Na gyara shi nan take, amma na ce mata sai na dawo yau da wani ƙarfe. Babu wani ƙarfe, Lamis. Takardar nan ce. Domin a falonku na hango akwatinki a buɗe an fara jera kaya.

Ashe da gaske ne? Ranar Asabar za ki hau jirgi zuwa Abidjan, wurin yayanki Ziyad, ki zauna bayan kanta kina auna wa mutane yadi? Ke da ba kya iya wuni ba ki jiƙa ƙafarki a tekun nan ba? Za ki bar gonakin ayaba, ki bar gaɓar da kika koyi tafiya a kanta, ki bar ni, duk a kan kankana guda? Na san abin da kike tsammani. Kina tsammani na tara danginki a bakin teku, na sa kowa ya sa rai, da lokaci ya yi kuma tsoro ya kama ni na ja da baya. Wallahi ba haka ba ne! Ni ba matsoraci ba ne. Mutum ne ni da ya yi shiri mai kyau, wata dabba ta fito daga teku ta zauna a kai.

Kin tuna ranar da na kai ki gaida kakata, Teta Nazha? Tana zaune tana naɗa shinkafa a ganyen inabi, ta cire zobenta ta ajiye a gefen faranti. Ke kuma da hannun nan naki da ba ya zama wuri ɗaya, kika ɗauka kika zura. Ya shiga sumul, ya ƙi fita. Kika ja, na ja, yatsan ya kumbura, kunya ta hana ki ɗaga ido. Teta ko a jikinta. Sai da ta cika tukunyarta, sannan ta ɗiga miki man zaitun ta murza ya fito. Da na raka ki na dawo, ta ce mini, "Zoben nan ya ga 'yan mata a gidan nan, duk zame musu ya yi. Wannan kuwa ya cije. Da shi za ka nema, ko ka haƙura. In ka je ka sayo na kanti, ba da yawuna ba, kuma ba za ka ga ƙeyata a wurin Fatiha ba." A ranar ta cire shi ta damƙa mini.

Saura mahaifinki, wanda nake kira Ammo, wato baffa. Wa bai san aƙidar Ammo Abu Ziyad a kan kankana ba? Tun zuwana na farko gidanku ya zaunar da ni ya ce, "Kankana, ɗana, yashi ke sanyaya ta. A haƙa har a ji danshi, a binne ta, in da hali ta kwana. Abin da ku masu firji kuke ba mutane, ruwan sanyi ne mai launi." Yana faɗa yana kallon tsakiyar idona, alhali ya san sarai da me nake cin abinci. Kuma duk duniya babu mai yanka kankana a gabansa sai shi, da wuƙar nan tasa da yake naɗewa a jarida.

To ki ji dabarar da so ya koya mini, ki faɗa mini tsakani da Allah in akwai aibu a cikinta. Na ce zan sa zoben Teta a cikin kankana, in binne ta a yashi ta kwana, mahaifinki ya yanka da hannunsa, zobe ya bayyana a bakin wuƙarsa, a cikin abin da ya fi girmamawa a duniya. Ta ina zai ce a'a? Na tare motar mai kankana, na ƙwanƙwasa duk wadda ke ciki, har mutumin ya ce, "Malam, saye za ka yi ko gidan haya kake nema?" Na zaɓi sarauniyarsu. Na yanke mata 'yar ƙofa, na tura zoben can cikin jan, na mayar da ƙofar na liƙe da kakin kyandir.

Sai maganar inda zan binne ta. Kin san ɓangarenmu na gaɓa ranar Lahadi: duk inda mutum ya haƙa sai ya ci karo da kankanar wani. Kin manta bara, da baƙin nan suka tono ta mai kemis suka cinye, aka yi ta jifa da kujerun roba har la'asar? In kai zoben Teta cikin wannan kasuwa? Shi ya sa ranar Asabar, rana na shirin faɗuwa, na tsallake igiyar nan da ta raba mu da hurumi, yankin nan da hukuma ta keɓe, inda ba a kafa lema, ba a hura gawayi, ba a buga ƙwallo. Yashi fari tas, babu sawun kowa. Na yi nesa da ruwa don kada taguwa ta kwashe ta, na haƙa har kafaɗata ta nutse, na kwantar da ita, na rufe. Na rasa abin da zan yi alama da shi, sai na soke silifas ɗina na dama. Da ƙafa ɗaya a takalmi na koma gida, ina waƙa.

Wayyo wannan Lahadi! Har gobe in na rufe ido ina ganin ki a cikin shuɗiyar rigar nan, iska na wasa da gefen mayafinki, kina yi kamar ba ki san komai ba, alhali kin sa kwalli tun asuba. Mahaifiyarki ta ɗauro sabon ɗankwali don zuwa bakin teku. Gwaggonki ta taso takanas daga garin Saida, wai hanya ce ta biyo da ita, tana ta gyaran murya tana ajiye guɗarta a kusa. Ni ne na ce kada kowa ya kawo kankana, na ɗauki nauyi. Aka ci tsire, aka ci salak, shisha ta zagaya. Mahaifiyarki ta fito da farin cuku ta jera. Ammo ya warware jaridarsa, ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya ce, "To, injiniya, mu ga abin da ka iya."

Na tashi ina tafiya kamar ango. Na tsallake igiya. Sai na hango daidai wurin da na haƙa an kifa kejin waya, an kafa turaku huɗu, an zagaye da jan ƙyalle. Wani sawu mai faɗi, sai ka ce na tayar tarakta, ya fito daga ruwa ya zo wurin, ya juya ya koma. Silifas ɗina kuwa yana rataye a kan turke. Kafin in gama fahimta aka busa mini usur a kunne.

Madam Terez ce, tsohuwar malamar makarantar nan mai farar hula, shugabar masu gadin kififiyun teku. Ta ce, "Tsaya nan! Ko taku ɗaya kada ka ƙara! Uwar kififiya ta zo jiya da dare ta yi ƙwai. Duk tsawon gaɓar nan, nan ta zaɓa, don wani sakarai ya sassauta mata yashin." Ta nuna turken ta ce, "Ka san mai wannan takalmi?" Na dubi takalmina da na yi shekara ina takawa, na ce ban taɓa ganin sa ba. Na ce, "Madam, yaushe za a ɗage kejin?" Ta ce, "In sun fito. Wata biyu, ko ƙasa kaɗan." Na ce, "In a ce wani bawan Allah ya manta da wani abu a ƙarƙashi fa?" Ta ce, "Ya manta ke nan. Ƙwan nan in aka motsa shi ya mutu. Wanda ya sa hannu kuwa, ni da shi ne."

Lamis, ranki ya daɗe, ki tsaya nan ki dube ni. Tsohuwa ce. Ba ta wuni a wurin. Hannu biyu gare ni, kuma na san zurfin ramin. Me ya hana ni? Ke ce! Na tuna ranar da ruwa ya turo wata kififiya matacciya da leda a bakinta, kika durƙusa a gabanta kika yi kukan da ban taɓa ganin kin yi ba. Kika bi gaɓa kina tsintar leda har duhu ya fara, kika yi wata guda ba ki sayi masara wurin mutumin da ke zubar da ledojin ba. A ranar kika ce mini, "Duk wanda zai iya cutar da waɗannan, hannunsa ba zai taɓa nawa ba." To in tono zobe ta cikin 'ya'yanta, in zo in sa miki a yatsa da wane hannun?

Za ki ce me ya sa ban faɗi gaskiya a take ba. A gaban wa? A gaban mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haƙa harsashin gini, wanda har yau shebur ba ya rabuwa da bayan motarsa? Da ya ji akwai zinariya da kankana a ƙasa, wallahi da kafin la'asar ya kai ruwa. Cewa zai yi, "Wace kififiya? Gaɓar ubanta ce?" Saboda haka na dawo hannu rabbana, na tsaya a gaban tabarma na ce, "Ammo, kankanar tana nan lafiya, sai dai ba yau za a sha ba." Ya ce, "Sai yaushe?" Na ce, "Nan da wata biyu." Na ga gwaggonki ta haɗiye guɗarta da ƙyar. Ammo ya naɗe wuƙarsa a hankali ya ce, "Mutumin da ya kasa kawo kankana daga can zuwa nan, shi zai riƙe gida?" Aka ci cuku gaya, babu mai kallon wani.

Ke kuma, ya rabin raina, kika matso kika yi ƙasa da murya kika ce, "Wisam, ba ka da wata magana?" Na ce, "Ina da ita, amma tana ƙasa." Wannan ita ce gaskiya mafi tsabta da na taɓa faɗa a rayuwata, kuma ita ce ta sa kika kaɗe rigarki kika tafi mota. Kafin magariba kin toshe ni. Na zo ƙofar gidanku, Ammo ya leƙo daga bene da tiyon ban ruwa a hannu. A gida kuma Teta kullum sai ta tambaye ni ina zobenta, ina ce mata yana wuri mai tsaro, har da masu gadi.

Kashegarin Lahadin nan na je na sa kaina cikin masu gadin. In bar zobenki ga karnuka da diloli da samarin da ke tsere da babur a yashi? Madam Terez ta ba ni hula da lema ta ce, "Ban taɓa ganin mai son kififiya ya tsiro dare ɗaya ba, amma zo." Na rufe shago a watannin da firji ke mutuwa kamar ƙudaje. Mahauci ya biyo ni har bakin igiya yana roƙo, namansa na lalacewa, na ce masa ina kan aiki. Garin nan kuwa ya samu abin yi. In na wuce gidan shayi sai a ce, "Ga maigidan kififiya nan! Yaya mai jiki?" Wani ya ce, "Uban 'ya'ya, an sauka kuwa? A kira mu suna!" Ammo da kansa ya zo wata Lahadi ya tsaya a bayan igiya, ya daɗe yana kallo na ina korar ƙaguwa da kara, ya ce, "Allah ya raya, injiniya," ya juya.

Duk na shanye. Abin da na kasa shanyewa shi ne ranar da na hango ki can ɓangarenmu, ke kaɗai, takalmanki a hannu, kina tafiya inda ruwa ke lasar yashi. Ya Allah! Rana ta faɗo a kan tekun ta farfashe, tsuntsaye suka tashi, ni kuwa ban ga komai ba sai ke. Taguwa ta zo ta sumbaci ƙafarki ta koma, ta sake dawowa, ba wanda ya toshe ta, ba wanda ya watsa mata ruwa daga bene! Me ta fi ni da shi? Na miƙe, na buɗe baki zan kira sunanki, sai ga wani kare ya nufo kejin a guje. Kafin in kore shi in waiwayo, kin tafi. Na zauna a ƙarƙashin lemar na yi kuka, na ce wa Madam Terez yashi ne ya shiga mini ido.

Ana nan sai wani ɗan koren abu ya leƙo ta gefen kejin. Ganye biyu, sannan huɗu, sannan ya fara rarrafe a kan yashi. Madam Terez ta sa tabarau, ta cire, ta goge, ta mayar. Ta ce, "Na tsufa a aikin nan, ban taɓa ganin kififiya ta haifi kankana ba." Ni take kallo, ba ganyen ba. Na ce, "Ikon Allah ne, Madam." Ta so ta tumɓuke, ta ji tsoron kada saiwar ta motsa ƙwai, dole ta bar shi. Daga ranar na zama mai gadin abu uku a rami ɗaya.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Don zobe na zo, amma zama ya yi zama. In zafi ya tsananta sai in ji ina tunanin yadda suke a ƙasa. In an yi iska sai in kasa cin abinci. Har kunne nake karawa a yashi, ni da na saba sauraron cikin inji, in ji ko akwai motsi. Ran da tsakiyar kejin ya lotsa kamar an danna da kwano, Madam Terez ta ce sun fara tasowa, na yi ta kai-komo a bakin kejin sai ka ce ni ne zan haihu. Wata safiya na iso na tarar da ƙananan sawu rututu sun fito ta ramukan wayar sun gangara teku, kamar ɗinkin da Teta ke yi a bakin matashi. Na tsaya ina ɗaga wa ruwa hannu. Ke kaɗai na so a ce kina gefena, don ke kaɗai ce ba za ki yi mini dariya ba.

Shekaranjiya Talata, da rana ta yi sanyi, aka buɗe ramin, kamar yadda suke yi don su duba ɓawon ƙwai su taimaki waɗanda suka maƙale. Mutane sun taru, har da 'yan makaranta da wasu Turawa masu kyamara. Madam Terez ta durƙusa tana fito da ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Can hannunta ya karkata gefe, sai wani wari ya taso wanda ya mayar da Turawan baya. Ta jawo wani baƙin abu kamar tsohuwar hular kwano, da guntun kakin kyandir manne a jikinsa. Ta ɗaga shi sama, ta dube ni ta ce, "Takalminka yana rataye a ɗakin gadinmu tun ranar. Duk sanda ka wuce shi sai ka gaishe shi da ido, kana tsammani makauniya ce ni?" Na karɓi ruɓaɓɓen ɓawon na laluba, na sake lalubawa. Babu zobe, Lamis! Duniya ta juya mini. Na ga fuskar Teta, na ga jirginki ya tashi.

Sai wata yarinya ta yi ihu. Yashin gefen ramin ya motsa, wani ɗan kai baƙi ya ɓullo, sannan ƙafafu. Autarsu ce, wadda ta ɓata hanya ta bi ta cikin kankanata. Ta fito tana kaɗe yashi, ga zoben Teta Nazha a wuyanta yana walƙiya, sai ka ce amarya za ta gidan miji! Masu salati suka yi salati, Madam Terez ta kira sunan Nana Maryamu. Autar kuwa ko kallo ba mu ishe ta ba, ta nufi teku. Doka ta hana a sha gabansu, ta hana a yi musu inuwa. Haka na bi ta a baya da rarrafe, a gaban 'yan makaranta, ina cewa, "Baiwar Allah, dakata! Ba naki ba ne! Ki ji tsoron Allah!"

Saura kaɗan ta kai ruwa Madam Terez ta ɗauke ta. Ta taɓa zoben, ya ƙi motsi. Ta ce, "In ta girma da wannan, shaƙe ta zai yi." Ta sake gwadawa a hankali, ya cije. Ni kuwa na san wannan cizon, na taɓa ganin sa a wani yatsa. Na daka tsawa na ce, "Man zaitun! Wa ke da man zaitun?" Kin san mutanenmu, ba a rasa ba: wata mata ta zaro kwalba daga jakarta. Ɗigo ɗaya, na murza yadda Teta ta murza miki, ya zame. Aka ajiye ta a yashi ta ƙarasa da ƙafarta. Taguwa ta farko ta dawo da ita, ta biyu ta tafi da ita, ta ɗago kai sau ɗaya ta nutse.

Na share hawaye na miƙa hannu a ba ni zobena. Madam Terez ta kwance igiyar usur ɗinta, ta zura zoben, ta mayar wuya. Ta nuna mini allon da ke bakin shiga ta ce, "Ka iya karatu? Ba a fita da komai daga hurumi. Ko katantanwa, ko dutse, ko fure, ko cikin cokali na yashi. Wannan daga yashin hurumi ya fito, a wuyan 'yar hurumi. Namu ne." Na durƙusa na kwashe labarin nan kaf na gaya mata, tun daga ganyen inabi har tiyon Ammo. Ta saurara fuska a murtuke. Da na gama ta ce, "Kai dai an yi dolo. Ni jaka nake dubawa, da aljihu, da bokitin yara. Tunda nake ban taɓa duba yatsan mace ba, kuma ba da tsufana zan fara ba. Mai yatsan ta zo da ƙafarta. Kai kuwa in na gan shi a hannunka a waje da igiyar nan, sai na sa an ɗaure ka."

Kin ji inda maganar ta tsaya, ya tauraruwar asubata. Ba zan iya kawo miki zoben ba. Hukuma ta hana, Madam Terez ta hana, ga dukkan alamu teku ma bai so ba. Hanya ɗaya ce zai bar wurin nan, kuma a jikin hannunki na dama take. Ki rufe firjin haka nan, na san a tsaye kike gabansa kina karantawa, sanyi na fita. Ki zauna, ki ji roƙona.

Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ki shigo ta ƙofar katako, wajen ciyayin nan masu tsawo. Ki zo da fushinki duka, kada ki rage ko kaɗan, ni na san yadda zan ɗauke shi. Ki zage ni a gaban Madam Terez, za ta taya ki. Amma ki zo! Na yi miki alkawari ba zan ƙara binne komai ba muddin raina, ko magana ko kankana. Duk abin da ke cikina zan riƙa faɗa miki shi a sarari tun yana da zafi. Mutumin da ya yi gadin 'ya'yan wata har suka shiga duniya, rana na dukansa, gari na yi masa dariya, bai tashi ba, ki tambayi Ammo ko wannan zai iya riƙe gida.

Madam Terez ta ce mini in autar nan ta rayu, za ta zagaya tekuna shekaru masu yawa, sannan wata rana ta dawo kan wannan yashi, ba wani ba, ta yi nata ƙwan. To in ta dawo fa, Lamis? In ta fito ta same ni zaune da furfura a ƙarƙashin lema, ta dube ni da idon tambaya, ina mai zoben da aka ƙwace mata dominta? In ce mata me? In ce tana Abidjan tana auna yadi? Da wace fuska?

Ki gaya wa Ammo ya wasa wuƙarsa. Da aka buɗe ramin an kauce wa saiwar, kuma yaɗon nan ya yi 'ya guda, yanzu ta kai dunƙulen hannuna. A yashi aka haife ta, a yashi take kwana, ba ta taɓa jin ko sunan firji ba. Ita ma ba a fita da ita, a nan cikin igiya za a yanka, kuma shi zai yanka. Sai dai ba za ta nuna kafin Asabar ba. Wanda ke son ya sha, sai ya zauna.

Teta ta san komai yanzu. Ta yi mini kallon da ya fi mari, sannan ta ce a ɗauko mata kujerarta ta roba, za ta zo ranar Juma'a ta ga abin da idonta. Na tambaye ta ko in taho da kwalbar mai, don kar a yi irin ta farko. Ta ce, "Kul! Ko ɗigo kada a kawo. Wannan karon in ya cije, a bar shi."

Naki ni kaɗai, a kan yashi ko a ƙarƙashinsa, yau da gobe, har autar nan ta dawo ta same mu mu biyu a inuwar lema ɗaya,

Wisam mai gyaran firji